Sojan Gona da Sunanka: Hukuncinsa a Dokar Ghana da Yadda Za Ka Wanke Kanka

A rumfunan MoMo, wato na aikawa da cire kuɗi ta waya, na Aboabo da Alabar a Kumasi akwai abin da ido ya saba gani har ya daina ɗaukarsa a bakin komai. Hajiya za ta zo ta kwance bakin zane, ta ciro waya ta miƙa wa yaron rumfa, ta ce, "Ɗana, ciro mini sidi ɗari biyu," sannan ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, ga mutum huɗu tsaye a bayanta. Ko kuwa saurayi ya sami kawunsa bayan la'asar ya ce, "Kawu, taimaka a yi wa sim ɗina rajista da katinka, nawa bai fito ba tukuna." Kawu ya ji nauyin ɗan 'yar'uwarsa, ya raka shi har aka ɗauki hotonsa da zanen yatsansa.

Ranar da aka damfari wani ɗan kasuwar Kejetia da wannan layi, ɗan sandan da aka ba binciken bai san saurayin ba. Suna ɗaya kamfanin waya zai ba shi, wanda ke cikin rajista, kuma ƙofar mai wannan sunan za a ƙwanƙwasa. Hukuma takarda take bi. Saboda haka wanda aka yi sojan gona da sunansa sai da takarda zai wanke kansa, kuma gara tasa ta riga ta mai ƙara isa caji ofis.

Lamarin ya ƙara nauyi tun da aka ɗaure komai a jikin Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Lambar katin, wadda ke farawa da GHA, ita ce lambar harajinka tun 1 ga Afrilun 2021. Rajistar sim da katin ta fara ranar 1 ga Oktoban 2021. Daga 1 ga Yulin 2022 Babban Bankin Ghana ya ce Ghana Card ne katin shaidar da bankuna za su riƙa karɓa. Hukumar fansho ta SSNIT da inshorar lafiya su ma an haɗe su da shi. A da, wanda ya tsinci katinka ɗaya ƙofa ɗaya ya samu. Yanzu mabuɗi guda ne ke buɗe gidan gaba ɗaya.

Abin da doka ta tanada

Ba a tara wannan laifi a doka guda ba. Mai gabatar da ƙara yakan duba abin da aka aikata ya tsinto tuhuma daga dokoki daban-daban, shi ya sa za ka ji an karanta wa mutum laifi huɗu ko biyar a kan aiki ɗaya.

Uwarsu ita ce Dokar Laifuka ta 1960, mai lamba 29. Sashe na 131 ya haramta karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Sashe na 134 ya fayyace sojan gona: mutum ya nuna cewa shi wani ne daban, ko wanin yana raye, ko ya rasu, ko ma babu shi a duniya, ƙirƙirarsa aka yi. Akwai wata gaɓa a wannan sashe da ta shafi zango ƙwarai. Ko da sunanka na yanka ka yi amfani, muddin ka yi ne don a zaci kai ne wani mai irin sunan, sojan gona ne. A unguwar da in aka kira Muhammad Abubakar mutum goma za su waiga, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuɗin da aka aiko wa takwaranka daga waje, in ka je ka karɓa da katinka alhali ka san ba naka ba ne, ka faɗa ciki.

Da yawa suna cewa hukuncin damfara ba ya wuce shekara 10, domin tana rukuni na biyu na manyan laifuka, wanda iyakarsa ke nan. Wannan rabin magana ne. Sashe na 296 na doka mai lamba 30, wadda ta tsara yadda ake shari'ar laifuka, ya ware wasu laifuka ya kai iyakarsu shekara 25. Damfara tana ciki, sata tana ciki, haka ma ƙera takardar hukuma ta jabu da ke sashe na 158. Jabun takardar da ba ta hukuma ba kuwa, iyakarsa shekara 3. Wanda kuma ya miƙa takardar jabu yana sane, hukuncinsa daidai yake da na wanda ya ƙera ta. Duk waɗannan iyakar sama ce. Alƙali yakan duba yawan dukiyar, ko laifin farko ne, ko an amsa laifi da wuri, ko an mayar da abin da aka ci.

Abin da aka yi ta waya ko kwamfuta yana ƙarƙashin Dokar Hada-hada ta Na'ura ta 2008, mai lamba 772. Sashe na 122 ya ce wanda ya ɗauki bayanan wani, ko lambar asusunsa, ko katinsa na banki, ba da izini ba, ya motsa kuɗi da niyyar zamba, za a ci shi tarar da ba ta wuce ma'auni 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka biyu. Dokokin Ghana da ma'auni suke rubuta tara, kowane ɗaya sidi 12, ke nan 5,000 ya kama sidi 60,000. Shiga asusun wani ko na'urarsa ba izini laifi ne a wannan doka ko da ba a taɓa ko kwabo ba. Ta kuma ba kotu ikon ƙwace abin da aka samu ta laifin da umartar mai laifi ya biya diyya. Ka tuna wa mai gabatar da ƙara wannan, domin ɗaurin ɓarawo kaɗai ba ya dawo maka da jari.

Sai Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2012, mai lamba 843, wadda ta fi shafar masu riƙe da takardun jama'a: mai shagon fotokwafi, mai rumfar MoMo, akawun makaranta, ma'aikacin ofis. Wanda ya sayi bayanan mutum ko ya samo su ko ya fallasa su ba izini, hukuncinsa ya kai tarar sidi 3,000 ko ɗaurin shekara 2. Wanda ya sayar, ya kai sidi 30,000 ko shekara 5. Dokar rajistar 'yan ƙasa ta 2008, mai lamba 750, ita kuma ta haramta yi wa NIA, hukumar da ke ba da katin, ƙarya wajen rajista da yin jabun katin.

Mai ara da mai karɓa

Nan ne 'ya'yan mutanen kirki suka fi faɗawa, kuma nan ne ya fi damun mu. Ɗan sakawa, wato mai damfara ta intanet, ba ya karɓar kuɗi da sunansa. Zai sami ɗaliba ko mai sayar da koko ya ce, "Yaya, wasu kuɗi za su shigo miki, ki cire ki ba ni, ki riƙe kashi goma." Sashe na 20 da na 23 da na 24 na doka mai lamba 29 sun sa mai taimakawa da mai haɗa baki a hukunci ɗaya da mai aikatawa. Sashe na 146 ya yi wa mai karɓar dukiyar da ya san ta haram ce irin haka. Ga kuma Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2020, mai lamba 1044, wadda ɗaurinta ke kaiwa shekara 10, kuma EOCO, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi, tana iya sa a rufe asusu tun ana bincike.

Gaskiya ne, a ƙarshe kotu za ta tambaya ko mutum ya san abin da ake yi da sunansa. Amma kafin a kai ga wannan tambaya an riga an kwana a caji ofis, an nemi mai tsayawa beli, an rufe asusun da ake juya kasuwa da shi. Kuma wanda ya karɓi kaso daga kuɗin da bai tambayi asalinsu ba, da wuya alƙali ya yarda cewa bai san komai ba. In kunya ce ke hana ka cewa a'a, ɗora wa doka laifin: "Ɗana, ba ni na ƙi ba, hukuma ce ta hana, amma zo in raka ka ofishin NIA ka yi naka."

Duba sunanka tun kafin a kira ka

A watan Mayun 2023 hukumar sadarwa ta NCA ta fito da lambar *402#. Ka danna ta a layin da ka yi wa rajista, za a nemi lambar katinka da ranar haihuwarka, sai saƙo ya zo da jerin layukan da ke kan sunanka. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya kada ya wuce layi 10. In ka ga lambar da ba ka sani ba, kada ka kira ta. Ɗauki hoton saƙon tukuna, ka je ofishin kamfanin da katinka, ka nemi a cire ta daga sunanka, ka kuma karɓi lambar ƙorafi ko wata takarda mai kwanan wata. Kuskuren da ake yi shi ne a cire layin a yi shiru. In an riga an yi ɓarna da shi wata uku da suka wuce, sunanka ne a rajistar wancan lokacin, kuma wannan takardar ce za ta nuna cewa kai da kanka ka kai ƙorafi.

Dokar bayanan bashi ta 2007, mai lamba 726, ta ba ka damar ganin rahoton bashin da ke kanka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da aka ba lasisi, irin su XDS Data da Dun & Bradstreet. Da yawa ba sa sanin an ci bashi da sunansu sai ranar da suka je neman nasu aka hana su.

Alamar da ba a wasa da ita ita ce layinka ya mutu haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki. Wataƙila wani ya je ya ce sim ɗinsa ya ɓata, an ba shi sabo da lambarka, kuma duk saƙon banki yanzu wurinsa yake zuwa. Haka in saƙon neman amincewa da cire kuɗi ya faɗo maka ba ka nema ba, ko lambobi shida na WhatsApp suka shigo sai ga wani yana roƙon ka karanta masa su, wai don ya sa ka a zauren wa'azi ko na ɗaurin aure.

Fotokwafin kati kuwa, in ya zama dole ka bayar, ja layi biyu a kan hoton ka rubuta wanda ka ba, dalilin bayarwa da kwanan wata. Wanda bai fito da kyau ba kada ka bar shi a kwandon shago, ɗauke abinka ka yaga.

Sa'ar farko

Kuɗin damfara ba sa kwana wuri ɗaya. Ana rarraba su zuwa layuka da dama a cire su nan take, don haka kiran kamfanin waya ya riga zuwa caji ofis. Kira 100, ko da wayar maƙwabci mai irin layinka. Ka ce a rufe asusunka, ka ba da lambar shaidar cinikin da ke cikin saƙo, adadin kuɗin, lokaci, da lambar da kuɗin suka tafi, ka roƙi a riƙe wancan asusun. Rubuta lambar ƙorafin da aka ba ka. In asusun banki na haɗe da layin, kira bankin ta lambar da ke bayan katinka, ba wadda wani ya turo maka ba. Daga nan ka sauya lambobin sirri, ka fara da na imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran.

Sai ka kira ko ka aika saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da doka mai lamba 1038 ta 2020 ta kafa. In WhatsApp aka ƙwace, sake shigar da lambarka a karɓi sabbin lambobi shida ta saƙo, wannan zai fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa makullin na biyu, za ka jira kwana 7. Kafin nan sa wani ya sanar a zaurukan da kake ciki, a faɗa wa liman ya sanar bayan salla in ta kama, kada 'yan'uwa su tura kuɗi suna zaton kai ne ke cikin matsala.

Kada ka goge komai, ko don fushi ko don kunya. Dokar 772 ta yarda a karɓi saƙon waya a matsayin shaida. Ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da kwanan wata za su fito, ka buga su a takarda, ka nemi cikakken bayanin shige da ficen kuɗinka daga kamfanin. Naɗar murya a ɓoye kuwa kada ka dogara da ita kaɗai, domin a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa naɗar maganar mutum ba da saninsa ba keta sirrinsa ne, kuma kotu na iya ƙin karɓa.

Caji ofis da sauran takardu

Je caji ofis mafi kusa, na Asawase ne ko na Zango ko babban na Adum. In lamarin babba ne yakan kai ga sashen laifukan intanet na CID, wato ofishin binciken laifuka na 'yan sanda. Abu uku za ka fito da su: takardar da ake kira ekstirak, wato kwafin abin da aka shigar a littafin ofis, da sunan mai binciken, da lambarsa. Kamfanin waya ba zai ba ka bayanan mai wancan layin ba komai roƙonka. Sai ɗan sanda ya samo umarnin kotu, don haka tambayar da za ka riƙa yi masa ita ce ko an shigar da wannan buƙata.

Wanda ba ya karanta Turanci kada ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa da Hausa ba. Ya tafi da wanda ya amince da shi, a karanta layi-layi. Kalma ɗaya tana juya shari'a: "na ba shi katina" daban, "ya ɗauki katina ban sani ba" daban. Kuma a faɗi gaskiya ko da ɗaci. In kai ka ba da lambar sirrin da bakinka, faɗi haka, domin rajistar kamfani za ta nuna, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da sauran maganarka.

Bayan haka ka yi takardar rantsuwa a babbar kotu ko wurin mai ikon rantsarwa, ka ambaci layin ko asusun ko bashin da ba naka ba, da ranar da ka gano. In katin kansa ya ɓata, da ekstirak ɗin za ka je NIA a yi maka sabo. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku, asalin ya zauna a gida.

Bashin da ba kai ka ci ba, kada ka biya ko sidi ɗaya don a bar ka ka huta, domin za a ɗauki biyan a matsayin amsawa. Rubuta wa bankin ko kamfanin da ya ba da bashin ƙorafi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa. Nemi a nuna maka takardar neman bashin, hoton wanda ya nema, da shaidar an tantance yatsa ko fuska. Dokar 843 ta ba ka ikon ganin bayanan da aka ajiye a kanka. Ƙa'idar Babban Banki ta ba su kwana 20 na aiki su warware ƙorafi. In sun wuce ko amsar ba ta gamsar ba, kai maganar Babban Bankin, yana da reshe a Kumasi. Ka kuma rubuta wa kamfanin rahoton bashi a gyara sunanka, don wannan ba ya gyaruwa da kansa. In wani ofis ne ya yi sakaci da bayananka, Hukumar Kare Bayanai ce wurin ƙara. Neman kuɗinka ta shari'ar farar hula kuwa, kotun gunduma tana sauraron abin da bai wuce sidi 500,000 ba.

Wani abu da zafin rai ke jawowa: sunan da ya fito a lambar da ta karɓi kuɗinka, kada ka baza shi a Facebook da hoto kana cewa ga ɓarawo. Sau da yawa shi ma wani kawun ne da aka yi rajista da katinsa.

In kai aka zo kamawa

Tsarin mulkin 1992 ya ce a gaya maka dalilin kamun da harshen da kake ji, a kuma sanar da kai cewa kana da ikon ɗaukar lauya. Ba za a riƙe ka fiye da awa 48 ba tare da an kai ka kotu ko an sake ka ba. Belin 'yan sanda ba a sayensa. Marar ƙarfi ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, tana da ofis a Kumasi. Abin da ke fitar da mutum shi ne shaidar da ta raba shi da aikin: ekstirak ɗin da ya riga ya karɓa, hoton da ke jikin takardar bashi wanda ba fuskarsa ba, bayanin kamfani da ke nuna a wane gari da wace waya aka yi amfani da layin. In kuma ɗan gida ne ya yi, rufa masa asiri a wannan gaɓa yana nufin ka ɗauki tuhumarsa a kanka.

Zancen sulhu

A zango, in aka gano mai laifin ɗan unguwa ne, kafin gari ya waye dattawa sun iso, a tafi gaban liman ko fadar Sarkin Zango. Al'ada ce mai kyau, ta kashe wutar da kotu ba za ta iya kashewa ba. Sai dai a san iyakarta. Sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya yarda da sulhu ne a ƙananan laifuka, damfara kuwa babban laifi ne, ƙarar ta gwamnati ce, ba ta wanda aka cuta ba. Karɓar wani abu bisa alkawarin za ka ɓoye laifi ko ka hana a gurfanar da mai shi, wannan ma laifi ne a doka mai lamba 29. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a mayar da kuɗin da sanin mai bincike, a rubuce, da shaidu, sannan a gaya wa alƙali an biya. Yakan sassauta saboda haka. Kuma ko za a zauna sulhu, a fara kai rahoto a karɓi ekstirak, domin mai yiwuwa ba kai kaɗai aka cuta da sunanka ba, kuma waɗancan ba su zauna a fada ba.

Masu 'yan'uwa a Amurka su san cewa can laifin yana da sunansa a doka. Gwamnatin tarayya ta yi dokarsa a 1998, a 2004 ta ƙara cewa wanda ya yi amfani da shaidar wani wajen aikata wasu manyan laifuka, irin su zamba ta waya ko ta banki, za a ɗora masa shekara 2 dole a kan hukuncin asalin laifin. Kowace jiha kuma tana da tata dokar. Aron takardar ɗan'uwa don a sami aiki, wanda ake ɗauka taimako ne, yana iya jefa mai ara da mai bayarwa duka cikin shari'a. Zama a Ghana ma ba kariya ba ne, ana miƙa waɗanda ake tuhuma da zamba zuwa can.

Saura maganar mamaci. In mahaifi ya rasu, 'ya'ya sukan ci gaba da cire kuɗi a MoMo ɗinsa ko karɓar fanshonsa saboda sun san lambar sirri, suna ganin ai gado ne. A ido na doka amfani ne da sunan wanda ba ya raye, kuma taɓa dukiyar mamaci kafin kotu ta ba da izini matsala ce ta daban. A karɓi takardar shaidar mutuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, a nemi takardar izinin kula da gado a kotu, a kai su banki da kamfanin waya da SSNIT. Katinsa da sim ɗinsa su zauna a hannun mutum ɗaya da magada suka yarda da shi har a gama. A kuma gaggauta, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan karɓe ya ba wani, alhali saƙonnin bankin mamacin suna ci gaba da zuwa wannan lambar.